Filin Tambayoyin Masu Karatu: Shafin Intanet a Cikin Tabarau na VR

Huɗu daga cikin wasiƙun da 'yan'uwanmu mazauna Saudiyya suka aiko a wannan wata sun taru a kan batu guda, wato yadda zanen da ke cikin burauza zai bayyana a tabarau na VR, na'urar nan da ake ɗaurawa a kai ta rufe idanu, mutum ya ga kamar yana tsaye a cikin wurin da ake nuna masa. An taƙaita wasiƙun saboda ƙarancin fili.

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a Madina, kuma ina koyon gina shafukan intanet a lokacin da ba ni da darasi. Na zana siffar Ka'aba da filin ɗawafi da three.js, wani kayan aikin zana abubuwa masu zurfi a burauza, da niyyar in riƙa yi wa 'yan'uwa da ke zuwa Umara daga gida bita kafin su wuce Makka. A kwamfuta zanen yana juyawa lafiya lau. Amma da na ari tabarau na wani abokina na buɗe shafin, sai na gan shi rataye a gabana kamar allon talabijin, bai kewaye ni ba. Ina kuskuren yake?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya sa albarka a karatu. Abin da ka gani shi ne abin da ya kamata ka gani, domin burauzar da ke cikin tabarau tana ɗaukar kowane shafi a matsayin shimfiɗaɗɗen abu mai tsawo da faɗi, ta manna shi a wata taga da ke shawagi a gaban mai kallo, ko da kuwa abin da aka zana a cikinsa yana da zurfi. Ba za ta fitar da zanenka daga wannan taga ba sai shafin da kansa ya nema, kuma hanyar neman ita ce ƙa'idar da ake kira WebXR.

Yana da kyau ka san ɗan tarihinta, saboda zai kare ka daga wani rami da masu koyo ke yawan faɗawa. A 2014 ne injiniyoyi a Mozilla da Google suka fara gwajin haɗa burauza da tabarau a ƙarƙashin sunan WebVR, a shekarar da Facebook ya sayi Oculus, kamfanin ƙera tabarau na VR, a kan kimanin dala biliyan 2. Firefox 55 ya fito da WebVR a kan Windows a 2017. Daga baya aka ajiye wannan tsari aka maye gurbinsa da WebXR, wanda Chrome 79 ya fito da shi a Disamba 2019. Har yau intanet cike take da darussan da aka rubuta tsakanin 2016 da 2018, kuma duk darasin da ka ga yana kiran getVRDisplays to na tsohon tsari ne, kada ka ɓata dare a kansa.

Ga yadda abin ke gudana. Shafinka zai fara tambayar burauza ko na'urar tana iya buɗe zama irin wanda ake kira immersive-vr. Idan ta amsa da e, sai shafin ya nuna maɓalli, domin ba a yarda shafi ya mamaye idanun mutum haka kawai ba, dole sai shi mai kallo ya danna da hannunsa. Da ya danna, tagar burauza za ta ɓace gaba ɗaya, daga nan kuma nauyin duk abin da ido zai gani ya koma kan shafinka. Sau 72 ko 90 a kowane sakan, tabarau zai sanar da shafin inda kan mutum yake da inda ya fuskanta, shafin kuma ya zana wurin sau biyu ta hanyar WebGL, wato injin zanen da ke cikin burauza, ɗaya domin idon dama, ɗaya domin na hagu, da ɗan bambancin da ya yi daidai da tazarar idanun mutum, wadda a matsakaici take kusan milimita 63. Wannan ɗan bambanci ne ƙwaƙwalwa ke haɗawa ta ga zurfi. Sauran aikin na tabarau ne: zai lanƙwasa hotunan biyu da gangan ta yadda idan suka ratsa madubban da ke gaban ido za su miƙe, sannan ya ɗan gyara su gwargwadon motsin da kai ya ƙara yi kafin a haska su.

Da yake da three.js ka yi aikin, an riga an ɗauke maka mafi yawan wannan wahala. Ka kunna renderer.xr.enabled, ka saka maɓallin VRButton da ke cikin misalan three.js ɗin, sannan ka mayar da zagayen zanenka zuwa setAnimationLoop maimakon requestAnimationFrame na taga. Wannan na ƙarshe shi ake yawan mantawa, kuma alamarsa ita ce mutum ya danna maɓalli ya shiga, sai ya tarar da duhu ko hoto a sandare, domin agogon taga ba shi ne agogon tabarau ba.

Akwai kuma sharaɗin tsaro. WebXR ba ya aiki sai a shafin da aka buɗe ta HTTPS, wato amintacciyar hanyar buɗe shafi, ko kuma a localhost, wato shafin da na'urar ke buɗewa daga cikin kanta. Ina kyautata zaton ka kunna shafin a kwamfutarka, sannan ka rubuta adireshinta na cikin gida, irin mai farawa da 192.168, a burauzar tabarau ta wayifai ɗin masauki. A irin wannan hali zanen zai fito a taga, amma ƙofar VR za ta kasance a rufe. Mafita mafi sauƙi ga ɗalibi ita ce ka ɗora shafin a GitHub Pages, wanda kyauta ne kuma yana zuwa da HTTPS. Idan kuma ka fi son gwaji a gida, ka haɗa tabarau da kwamfuta da kebul, ka yi amfani da umarnin adb reverse, sai tabarau ya ga shafin a matsayin localhost. Tun da aron na'urar kake yi, ka saka Immersive Web Emulator, wata manhaja mai kwaikwayon tabarau, a Chrome na kwamfutarka, domin ka gama yawancin gwajin kafin ka sake damun abokin naka.

Abu na ƙarshe, ka duba ma'auni. A WebXR lamba 1 tana nufin mita 1. A allon kwamfuta ba wanda zai lura idan ka zana Ka'aba da tsayin lamba 2 ko 200, amma a cikin tabarau mutum zai ga kansa ko dai ya fi ginin tsawo ko kuma ya zama ɗan mitsitsi a gindinsa. Ka nemi ma'aunin gaskiya ka bi shi, ka kuma zaɓi tsarin local-floor domin ƙasan zanen ta dace da ƙasan ɗakin da mutum yake tsaye. A wajen bita wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin amfanin aikin naka shi ne baƙo ya san daga ina ake fara zagaye, ya gane saitin Hajarul Aswad, ya kuma saba da barin Ka'aba a hagunsa. Tunanin naka ma ba baƙo ba ne a ƙasar: a ƙarshen 2021 hukumar kula da Masallatai Biyu Masu Alfarma ta ƙaddamar da wani shiri na nuna Hajarul Aswad ta fasahar VR.

Tambaya: Malam, ni ma'aikaciyar zanen shafuka ce a Jidda. Na gina wani ɗan shafi mai nuna addu'o'i da fassararsu ta Hausa da A-Frame, wani kayan aikin gina shafukan VR. Ina shiga VR ba matsala, amma rubutun da na yi da HTML duk ya ɓace. Da na sake rubuta shi a cikin zanen, sai haruffan Larabci suka ƙi fitowa daidai, ɓ da ɗ da ƙ kuma suka zama gurbi babu komai.

Amsa: 'Yar'uwa, matsalolin biyu ne, amma tushensu ɗaya. Kamar yadda na faɗa wa ɗan'uwa na Madina, da zarar an shiga VR abin da WebGL ya zana kaɗai ido ke gani. Sakin layi, maɓallai, jerin zaɓi, da duk abin da aka tsara da HTML da CSS suna nan a tagar da aka baro a baya. Mutum zai iya tambaya, me ya hana burauza ta ɗauki hoton shafin ta miƙa wa WebGL ya manna a bango? Dalilin tsaro ne. Duk abin da ya shiga WebGL, shafin yana iya karanta ɗigoginsa ɗaya bayan ɗaya. Da an bar wannan ƙofa a buɗe, mugun shafi zai iya saka shafin wani a cikin nasa ya karance abin da ke ciki, ko ya gano adiresoshin da mutum ya taɓa ziyarta ta launin da suke sauyawa. Wannan dalili ne kuma ya sa hoto ko bidiyon da ke kan wata saba daban, wato wata kwamfutar da ke ajiye shafuka, ba ya fitowa a zane sai sabar ta ba da izini ta tsarin CORS.

Batun haruffa kuwa, shi ne inda aka fi barin harsunanmu a baya. Burauza tana yin aiki mai yawa a ɓoye duk lokacin da ta nuna layin Larabci: tana jera shi daga dama zuwa hagu, tana zaɓar siffar kowane harafi gwargwadon matsayinsa a farkon kalma ko tsakiya ko ƙarshe, tana haɗa lam da alif, tana ɗora wasulla a inda suka dace. WebGL bai san ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, shi alwatika da launi kawai ya sani. A-Frame, wanda Mozilla ta fitar a ƙarshen 2015, yana rubutu ne ta hanyar yanko kowane harafi daga wani hoto da aka riga aka jera haruffa a cikinsa, kuma jerin da yake zuwa da shi bai wuce haruffan Turanci da alamomin da ke tare da su ba. Harafin da babu shi a wannan hoto ba zai fito ba, shi ya sa "ƙasa" ta koma "asa". Ko da kin haɗa naki hoton mai haruffan Larabci, za su fito a rarrabe, kowanne tsaye shi kaɗai.

Hanya biyu nake ba da shawara. Ta farko, ki rubuta layin a kan canvas na yau da kullum, wato filin zane na burauza, da umarnin fillText, sannan ki manna wannan canvas ɗin a jikin wani allo a cikin zanen. Da yake burauza ce da kanta ta yi rubutun, Larabcin zai haɗu daidai, haruffan Hausa ma za su fito muddin salon rubutun da kika zaɓa yana da su, kuma Noto Sans yana da su. Sai dai ki jira salon ya gama sauka kafin ki zana, in ba haka ba burauza za ta yi amfani da wani daban. Ki kuma yi canvas ɗin da girma, domin ƙarami yana dusashewa idan mai kallo ya matso. Ta biyu ita ce troika-three-text, wanda yake karanta salon rubutu kai tsaye, yana kuma iya haɗa haruffan Larabci da jera su daga dama, gefen haruffansa kuma ba ya dusashewa ko an matso. Ga addu'o'i masu cikakkun wasulla ni na fi natsuwa da ta farko, domin injin rubutun burauza ya fi kowanne gogewa a wannan fanni. Ko wacce kika bi, ki sa wanda ya san nassin ya sanya tabarau ya karanta da idonsa kafin ki saki shafin, domin wasali ɗaya da ya goce daga wurinsa yana iya sauya ma'ana.

Kada kuma ki cika allo da rubutu. Layi biyu ko uku manya, a tazarar kamar mita biyu daga mai kallo, sun fi sakin layi guda ƙanana. Kuma ki kafe allon a wuri ɗaya cikin zanen, kada ki ɗaure shi da kan mutum ya riƙa binsa duk inda ya juya, domin hakan yana gajiyar da ido.

Tambaya: Allah ya gafarta Malam. Na daɗe ina yi wa alhazai jagora a Makka. Ɗana ya ɗora mini bidiyon Mina da Arfa mai kewaye a wani shafi, an ce 4K ne, amma a tabarau sai ya fito dishi-dishi. Ban da haka, dattawa biyu da na sa wa sun ce jiri ya kama su, ɗaya har da tashin zuciya. Na'urar ce ba ta da kyau?

Amsa: Alhaji, Allah ya ƙara lafiya. Na'urar ba ta da laifi a abin da ka bayyana, lissafi ne kawai. Bidiyon 4K yana da ɗigo 3,840 a faɗinsa. A talabijin duk waɗannan ɗigogi suna gabanka, amma a bidiyo mai kewaye an shimfiɗa su ne a kan digiri 360, wato kowane digiri ya sami ƙasa da ɗigo 11. Tabarau kuwa kusan digiri 100 yake nuna maka a lokaci guda, saboda haka abin da ke gaban idonka bai fi ɗigo 1,100 ba, sauran suna bayanka da gefenka. Allon tabarau ƙirar Quest 2 yana da ɗigo 1,832 a faɗi ga kowane ido, na Quest 3 kuma 2,064, ka ga bidiyon bai kai ya cika allon ba. Lafiyayyen ido yana iya rarrabe kusan ɗigo 60 a digiri ɗaya. Ko bidiyon 8K, mai ɗigo 7,680, abin da yake bayarwa a digiri ɗaya ya wuce 21 da kaɗan ne kawai, ga shi da nauyin sauka da cin data.

A ganina, ga wurare irin Mina da Arfa da Muzdalifa, inda manufa ita ce alhaji ya gane tanti da hanya da alamomin iyaka, hotuna masu kewaye marasa motsi sun fi bidiyo amfani. Hoto ɗaya mai girman 8K ba shi da nauyi idan aka kwatanta da bidiyo, yana fitowa tas, kuma kana iya tsayar da mutum a kansa ka yi masa bayani da bakinka har ya fahimta. Idan za a ɗauki sabbin hotuna a wurare masu alfarma, a fara neman izinin hukuma.

Jiri kuwa yana zuwa ne idan ido da jiki suka saɓa. A cikin kunne akwai sashen da ke auna motsi da daidaiton jiki. Wanda ya taɓa duƙufa yana karatu a mota a hanyar Makka zuwa Madina ya san abin: jiki yana jin tafiya, ido yana ganin takarda a tsaye. A tabarau akasin haka ne ke faruwa, ido yana ganin tafiya, jiki kuwa yana zaune a kujera. Idan mai ɗaukar bidiyon yana tafiya da kyamara a hannu, tana rawa tana juyawa, to ko matashi sai ya ji a jikinsa. Sababi na biyu shi ne jinkiri. Idan allo yana sabunta hoto sau 90 a sakan, shafin yana da kimanin milisakan 11 kacal ya gama zana idanu biyu, a sau 72 kuma kimanin 14. Masana fannin sun daɗe suna cewa tsakanin juyawar kai da sauyawar hoto bai kamata a wuce milisakan 20 ba. Tabarau mai zaman kansa da injin irin na wayar hannu yake aiki, saboda haka shafin da aka cika da inuwa da manyan hotuna zai riƙa makara, duniya ta riƙa jan ƙafa a bayan kan mutum.

Ka gaya wa ɗanka ya zaɓi abin da aka ɗauka da kyamara a kafe, a tsayin idon mutum, kuma idan za a sauya wuri a dusashe hoton zuwa duhu sannan a buɗe a sabon wurin, kada a ja mai kallo ta cikin iska. Kai kuma ka zaunar da dattijo, ka daidaita masa tazarar madubban da idanunsa (Quest 2 yana da matakai uku, milimita 58 da 63 da 68), ka fara da minti biyu ko uku, kuma da ya ce ya ji wani iri ka cire nan take, kada ka ce ya daure. Mai farfaɗiya ko mai fama da jiri tun asali ya tambayi likita tukuna. Ka riƙa goge soson fuska tsakanin mutum da mutum. Sannan ga wata shawara da ta shafi ƙasar da kuke: kada ka bar na'urar a mota ko kusa da taga, domin madubban suna tattara hasken rana su ƙona allon da ke ciki cikin ɗan lokaci, kuma tabon ba ya gogewa.

Tambaya: Malam, ba ni da kuɗin tabarau. Zan iya saka wayata a cikin akwatin kwali irin na da in ga waɗannan shafuka? Daga wani matashi a Riyad.

Amsa: Ɗan'uwa, ya danganta da wayar. Google ya fito da Cardboard a 2014, ya kuma daina sayar da shi a 2021, amma har yanzu ana samun irinsa na roba a kasuwa da araha. A wayoyin Android da dama Chrome yana iya raba allo biyu ya nuna shafin WebXR a irin wannan akwati. Sai dai juyawar kai kawai yake bi, bai san ka matsa gaba ko ka sunkuya ba, saboda haka ya isa kallon hoto mai kewaye amma bai isa yawo a cikin zane ba, kuma ya fi saurin kawo jiri. Safari na iPhone kuwa, har zuwa iOS 18 na 2024, ba ya buɗe WebXR. Apple ya kunna shi ne a tabarau nasa, Vision Pro, wanda ya fito a Amurka a kan dala 3,499, wato sama da riyal 13,000.

Idan wata rana hali ya samu, Quest 3S ya fito a 2024 a kan dala 299 a Amurka, kimanin riyal 1,120 a canjin 3.75, kafin a ƙara haraji da ribar mai shago. Yana da burauzarsa a ciki, ba ya buƙatar kwamfuta. Mai kwamfutar Windows da ke da katin zane mai ƙarfi kuma yana iya haɗa ta da tabarau ta kebul ko wayifai, ya buɗe shafin a Chrome ko Edge, kwamfutar ta yi zanen ta tura hoton. Kafin nan, kusan duk shafin da aka gina da three.js ko A-Frame yana buɗuwa a waya ba tare da akwati ba, kana juya zanen da yatsa, kuma idan koyon gina irin waɗannan shafuka kake so, kwamfutar da za ta iya buɗe Chrome ta ishe ka ka fara.